Kaburbura Uku a Birnin Dawuda

In an je gaisuwar rasuwa a ƙasarmu, bayan an yi wa iyali ta'aziyya akan ƙara da addu'a cewa Allah ya albarkaci baya. Kalmar nan "baya" tana ɗauke da kaya mai yawa. 'Ya'ya da jikoki suna ciki, gona da gida suna ciki, haka kuma sunan da mutum ya bari a bakin jama'a da halin da ya koya wa waɗanda suka tashi a hannunsa. Mu masu hidima a ikkilisiya mun fi kowa tsayawa a bakin kabari. Mun san yadda ake karanta tarihin mamaci a majami'a, mun kuma san akwai tarihi na biyu wanda ba ya shiga takardar jana'iza, wanda mutane suke faɗa wa juna ƙasa-ƙasa a hanyar komawa gida. Darasin nan a kan wannan tarihi na biyu ne, da yadda abin da mutum ya ɗauka da muhimmanci tun yana da rai yake rubuta shi.

Za mu ɗauki misali guda mu bi shi a hankali. Yana cikin 2 Tarihi sura 21 zuwa 24 (masu riƙe da tsohon juyi za su ga an kira littafin Labarbaru), sai a haɗa da 2 Sarakuna sura 8, 11 da 12. Mutane uku ne a ciki, sarakuna biyu da firist ɗaya: Yehoram, Yehoyada da Yowash. Dukansu a birnin Dawuda aka binne su, amma ba wuri ɗaya ba.

Marubuci mai lura da kabari

An rubuta littattafan Tarihi bayan an komo daga bauta a Babila, domin jama'ar da ba su da sarki nasu kuma, suna neman su gane abin da ya kai su ga wannan hali. Marubucin yana da wata al'ada da ya kamata ɗalibi ya sa mata ido. In ya zo ƙarshen labarin sarki, yakan tsaya ya faɗi inda aka sa gawarsa da yadda jama'a suka yi. An yi wa Asa babbar wuta ta girmamawa (16:14). An binne Azariya, wato Uzziya, a filin makabartar sarakuna saboda kuturtarsa (26:23). Ahaz bai shiga kaburburan sarakuna ba (28:27). Dukan Yahuza sun girmama Hezekiya sa'ad da ya rasu (32:33), Irmiya kuma ya yi makoki saboda Yosiya (35:25). Littafin Sarakuna sau da yawa yakan taƙaita, ya ce an binne wane tare da kakanninsa ya wuce. Marubucin Tarihi shi yakan bambanta, domin a wurinsa jana'iza ita ce ranar da jama'a suke samun bakin magana. Sarki yana iya tilasta a yi masa kirari muddin yana kan gado, amma ranar da aka ɗauki gawarsa ba shi da dogari ko ɗaya.

Yehoram

Kafin mu taɓa Yehoram sai mun fara da mahaifinsa. Yehoshafat ya yi sarauta shekara 25, kuma sarki ne na kirki. A shekara ta uku ta mulkinsa ya aiki hakimai da Lawiyawa da firistoci su zaga garuruwan Yahuza suna koyar da Shari'a, daga baya ya naɗa alƙalai ya gargaɗe su a kan son kai da cin hanci. Amma akwai shawara guda da ya yanke wadda ta bi zuriyarsa har tsara uku: ya ƙulla surukuta da gidan Ahab, sarkin Isra'ila (18:1). A idon masu siyasar zamanin, dabara ce mai kyau, gama ta kawo ƙarshen gāba tsakanin arewa da kudu. Ta wannan ƙofa ce Ataliya ta shigo fādar Urushalima. Mu riƙe wannan tun yanzu: abin da mutum yake bari a baya ya haɗa da yarjejeniyar da ya yi don samun sauƙin yau, ko da sauran rayuwarsa tana da kyau.

Yehoshafat ya yi ƙoƙarin raba gādo da adalci. Ya ba sauran 'ya'yansa azurfa da zinariya da birane masu garu, ya ba Yehoram sarauta domin shi ne ɗan fari. Yehoram yana da shekara 32 sa'ad da ya hau. Bisa lissafin da masana da yawa suke bi, mulkinsa shi kaɗai ya kama daga wajen 848 zuwa 841 kafin haihuwar Almasihu. Aikinsa na farko da ya ji ya kafu shi ne ya kashe 'yan'uwansa maza su shida da takobi, tare da waɗansu manyan ƙasar. Nassi bai ce sun yi masa tawaye ba. Wasiƙar da annabi Iliya ya aiko masa ma ta shaida cewa sun fi shi kirki, wataƙila kuwa laifinsu ke nan a wurinsa.

A nan muke ganin abin da mutumin nan ya fi ƙauna. Kujerar ce. Domin ta ya zubar da jinin gidan ubansa, kuma abin mamaki, duk abin da ya so ya tsare shi ne ya zube daga hannunsa. Edom ta ɓalle ta naɗa sarkinta. Libna, garin firistoci a cikin ƙasar Yahuza kanta, ta yi tawaye. Filistiyawa da Larabawa suka shigo suka kwashe dukiyar fāda da matansa da 'ya'yansa, ba a bar masa ɗa namiji ko ɗaya ba sai autansa. Mutumin da ya rage gidan ubansa har ya zama saura shi kaɗai, shi ma an rage nasa gidan har ya zama saura ɗa guda. Sai ciwon hanji ya kama shi, ya yi shekara biyu yana fama, ya mutu cikin azaba yana da shekara 40.

Abu uku marubucin ya rubuta game da jana'izarsa (21:19-20). Ba a yi masa wutar girmamawa irin ta kakanninsa ba, ba wanda ya yi baƙin cikin tafiyarsa, kuma an binne shi a birnin Dawuda amma a waje da kaburburan sarakuna. Na tsakiyan ya fi zafi. Shekara takwas mutane suna faɗuwa suna gaishe shi, ashe jira suke yi.

Duk da haka akwai abin da zai hana mu saurin yanke hukunci a kan 'ya'yan mugu. Bahaushe yakan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma ga Ahaziya ɗan Yehoram maganar ta yi daidai: shekara ɗaya ya yi yana bin shawarar uwarsa Ataliya, ya mutu a juyin mulkin Yehu. (Ga masu sha'awar binciken tono: dutsen da aka samu a Tel Dan a 1993, mai rubutun Aramaik, ya ambaci gidan Dawuda, kuma yawancin masana suna danganta shi da Hazayel na Dimashƙu da abubuwan da suka faru a waɗannan shekaru.) Amma Yehoram yana da 'ya mace, Yehosheba, wadda Tarihi yake kira Yehoshabeyat, ita kuwa albasa ce da ba ta yi halin ruwa ba. Da Ataliya ta tashi ta hallaka zuriyar sarauta don ta riƙe mulki, Yehosheba ce ta saci jariri Yowash daga cikin waɗanda za a kashe, ta ɓoye shi da mai renonsa a ɗakin kwana. Uban ya kashe 'yan'uwansa, 'yar ta sa ranta a haɗari don ɗan ɗan'uwanta. Wannan ya kamata ya shiga kunnen dattawan da suke hana matashi aiki a ikkilisiya saboda sun san abin da ubansa ya yi.

Yehoyada

Mijin Yehosheba shi ne Yehoyada firist. Shekara shida yaron yana ɓoye a Haikali, Ataliya tana mulki, masujadar Ba'al tana aiki a Urushalima. Shekara shida mutum yana fita hidima kullum da asiri a cikinsa wanda in ya fito kansa zai tafi. Sau da yawa mukan tsallake wannan mu tafi ranar naɗin, amma a waɗannan shekarun shiru ne aka gwada shi.

A shekara ta bakwai, wajen 835 kafin haihuwar Almasihu, ya motsa, kuma yadda ya motsa yana nuna halinsa. Ya ƙulla alkawari da shugabannin sojoji biyar, aka zaga aka tattaro Lawiyawa da shugabannin gidaje daga garuruwan Yahuza. Ya zaɓi ranar Asabar, lokacin canjin masu tsaro, ya riƙe masu sauka tare da masu kamawa don yawansu ya ninku ba tare da an lura ba. Makaman da ya raba māsu da garkuwoyi ne na Dawuda da suke ajiye a Haikali. Ko a cikin hargitsin bai yarda a ƙazantar da gidan Allah ba: ya umarta a fitar da Ataliya waje, aka kashe ta a wajen Ƙofar Dawakai.

Yanzu ga wurin da ya kamata mu daɗe. A ranar nan duk ikon Yahuza yana tafin hannun Yehoyada. Sojoji suna jin maganarsa, Lawiyawa nasa ne, matarsa 'yar sarki ce, magajin kuwa yaro ne ɗan shekara bakwai wanda ba wanda ya san yana raye sai waɗanda shi Yehoyada ya nuna wa. Da ya so, da ya ɗauki sarautar, ko ya sa ɗansa, kuma da ya sami hujja mai daɗin ji. Shi kuwa ya ɗora kambin a kan yaron, ya miƙa masa littafin shaida, ya shafe shi, ya koma bakin aikinsa na firist. Alkawarin da Allah ya yi wa Dawuda ya fi masa kujerar daraja. Jarrabawar da Yehoram ya faɗi ita ce dai Yehoyada ya ci, gama dukansu an tambaye su abin da za su yi da iko sa'ad da ba mai iya hana su.

Bai tsaya nan ba. Ya sa jama'a da sarki suka yi alkawari su zama mutanen Ubangiji, aka rushe masujadar Ba'al, ya maido da tsarin hidimar firistoci da Lawiyawa da matsaran ƙofa yadda Dawuda ya shirya.

Sai maganar gyaran Haikali, wadda kowane fasto da ya taɓa riƙe kuɗin gini ya kamata ya karanta sau biyu. Da farko an bar aikin a hannun firistoci, kowa ya karɓi kuɗi ya yi gyara. Har shekara ta 23 ta mulkin Yowash ba a gyara ko tsaga ɗaya ba (2 Sarakuna 12:6). Sarki ya kira Yehoyada ya tuhume shi a kan jinkirin. Mu duba, wannan yaron da ya goya ne yake tsawata wa dattijon da ya ba shi sarauta. Nassi bai nuna Yehoyada ya yi fushi ko ya tuna masa wanda ya ɓoye shi ba. Ya ɗauki akwati ya huda murfinsa aka ajiye, firistoci suka yarda su daina riƙe kuɗin. In akwatin ya cika, mutum biyu ne suke zuwa, ɗaya daga wajen sarki ɗaya daga wajen babban firist, a ƙirga a ɗaure, a miƙa wa masu lura da aiki, su kuma su biya magina da masassaƙa da maƙera. Kuɗi ya yi yawa har ya yi saura aka yi kayan hidima da shi. Jama'ar da aka yi shekaru ana roƙonsu su ne dai suka riƙa bayarwa da murna da zarar sun ga inda kuɗinsu yake tafiya. A ganinmu, wannan yarda da gyara da sakin jakar kuɗi yana cikin manyan ayyukan Yehoyada, ko da yake ba kasafai ake wa'azi a kansa ba.

Ya rasu yana da shekara 130, ya fi Musa da Haruna tsawon rai. Aka binne shi tare da sarakuna, kuma an faɗi dalili: ya yi wa Isra'ila alheri, ya yi wa Allah da gidansa hidima (24:16). Shi ne kaɗai wanda ba sarki ba da littattafan Tarihi suka ce an yi wa wannan girma. Surukinsa da ya kashe mutane don kambi bai sami wurin ba, shi da ya miƙa kambin ga wani aka kai shi can.

Yowash

Da labarin ya ƙare a nan da ya yi mana daɗin wa'azi. Amma tun a farkon sura 24 marubucin ya sa wata 'yar magana da ke ta da hankali: Yowash ya yi abin da yake daidai muddin Yehoyada yana da rai. Mai karatu da kunne ya san ke nan akwai abin da ke tafe.

Bayan jana'izar, manyan Yahuza suka zo suka faɗi suka yi gaisuwa, sarki kuwa ya saurare su. Shi ke nan abin da aka faɗa. Ba yaƙi, ba barazana, gaisuwa ce kawai da fādanci. Mutumin da ya yi shekaru fiye da ashirin yana ƙarƙashin inuwar dattijo ya ji a karon farko ana yi masa ranka ya daɗe ba tare da wani a gefe yana gyara masa zama ba. Suka bar Haikalin da shi kansa ya gyara suka koma ga gumaka. Aka aiko annabawa, ba su ji ba. Sai Zakariya ɗan Yehoyada ya tsaya a gaban jama'a ya tsawata musu, aka jajjefe shi da duwatsu bisa umarnin sarki, a farfajiyar Haikali. Uban ya hana a kashe Ataliya a wannan wuri don tsarkinsa, ga shi an kashe ɗansa a ciki. A wannan farfajiya ce kuma Yowash ya yi rarrafe, mai yiwuwa tare da mutanen gidan da ya zubar wa jini.

Shekara tana juyowa rundunar Suriyawa, ba su da yawa, suka zo suka ci Yahuza, suka kashe manyan nan masu gaisuwa, suka aika ganima Dimashƙu. Suka bar Yowash da munanan raunuka, bayinsa suka ƙarasa shi a kan gadonsa. Ya yi sarauta shekara 40. An binne shi a birnin Dawuda, a waje da kaburburan sarakuna, kamar kakansa Yehoram. A jerin kakannin Yesu a Matiyu 1:8 an tashi daga Yoram an sauka kan Uzziya, an tsallake Ahaziya da Yowash da Amaziya.

Ɗalibai sukan tambaya ko Yehoyada yana da laifi a lalacewar Yowash. Nassi bai ɗora masa ba, mu ma ba za mu ɗora masa ba. Yowash babban mutum ne sa'ad da ya ba da umarnin nan, kuma hukuncin ya faɗa a kansa shi kaɗai. Amma akwai abin lura. Yehoyada ne ya ɓoye shi, shi ya naɗa shi, shi ya koya masa, har mata biyu shi ya zaɓa masa (24:3). Muna iya cewa Yowash ya saba da jin murya daga waje tana gaya masa abin da zai yi, don haka da muryar ta yi shiru sai ya bi wadda ta zo bayanta. Himmarsa wajen gini ta ɓoye wannan rami shekara da shekaru. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Kowa ya ga sarki yana matsa wa firistoci a gyara gidan Allah zai ce zuciyarsa ta kafu, alhali bangon dutse ne kaɗai ya kafu.

Kada kuma mu ce bayan Yehoyada ya lalace gaba ɗaya. 'Ya'ya biyu ya rena, na goyo da na cikinsa. A wurin Zakariya abin ya shiga har ƙashi, gama ya faɗi gaskiya a ranar da faɗinta ba ta da riba, ba kuma uba a raye da zai kāre shi. Masu fassara da yawa suna ganin shi ne Zakariyan da Ubangijinmu ya ambata a Luka 11:51. Gida ɗaya, malami ɗaya, ɗaya ya yi jifa ɗaya aka jefa. Wannan ya isa ya hana mu yin fahariya da almajiranmu, ya kuma hana mu karaya in ɗayansu ya kauce.

Abin da wannan yake tambayarmu

Mu ba sarakuna ba ne, kuma yawancinmu ba sai mun mutu za a karanta mana tarihi na biyu ba. Tsarin ikkilisiyoyinmu yana yi mana ƙaramar jana'iza duk bayan 'yan shekaru, wato ranar canjin wurin aiki ko ranar ritaya. Ana yin bikin ban kwana, zumuntar mata su yi waƙa, a ba da zane da akuya da ambulan, a faɗi kalmomi masu daɗi. Wannan tarihi na farko ne, kuma kowa yana samunsa, har wanda aka ƙosa ya tafi. Na biyun yakan fito bayan wata shida. Addu'ar asuba tana nan ko ta mutu? Ma'aji yana ci gaba da karanta rahoton kuɗi a gaban jama'a? Matasan da muka ɗora a kan mumbari suna tsayawa a kan gaskiya sa'ad da wani mai kuɗi a ikkilisiya ya faɗi ya gaishe su?

Halin Yehoram ba ya bukatar takobi kafin ya bayyana a cikinmu. Fasto da yake jin zafi in an yabi wa'azin mataimakinsa, har ya riƙa rubuta rahoton da zai sa a tura yaron ƙauye mai nisa, ya kashe ɗan'uwa da alƙalami. Haka shugaban da yake sake tsarin zaɓe don kada wanda ya fi shi karɓuwa ya tsaya. Irin waɗannan sukan gama wa'adinsu lafiya, a ba su kyauta, amma ikkilisiyar da suka bari ba ta da kowa da ya isa ya riƙe ta, domin duk wanda ya isa an kore shi.

Haɗarin da ya fi kusa da masu kirki a cikinmu shi ne na Yowash, wato mu bar mutanen da nagartarsu take rataye a wuyanmu. Akwai Baba Fasto wanda ba a sayen ko buhun siminti sai ya sa hannu, ba a sasanta ma'aurata sai a ɗakinsa, dattawa ba sa zama in ya yi tafiya. Jama'a suna ƙaunarsa, kuma da gaske yake aikin. Shi kansa yana jin daɗin a ce in ba shi ba komai zai tsaya. Amma dattijon da bai taɓa yanke shawara mai wuya ba sa'ad da Baba yake kusa da zai gyara masa, ranar da zai yanke ta farko Baba ba ya nan. Gara a bar mutane su riƙe aiki, su yi kuskure, a zauna da su a nuna musu dalili daga Maganar Allah, tun muna tare da su. Abin yana cin lokaci, yana kuma rage mana girma a idon masu auna fasto da yawan abin da yake riƙe.

A tarihin ikkilisiya na ƙasarmu akwai wanda shekarunsa suka yi kusan daidai da na Yehoram, amma bayansa ya sha bamban. Dokta Byang Kato, mutumin Kwoi a kudancin Jihar Kaduna ta yau, an haife shi a 1936. A 1973 ya zama babban sakataren ƙungiyar masu bishara ta Afirka da Madagaskar, AEAM, ɗan Afirka na farko a wannan matsayi. A watan Disamba na 1975 ya rasu a ruwan teku kusa da Mombasa a Kenya, yana da shekara 39. Bai cika shekara uku a kujerar ba. Abin da ya fi matsa wa a kai shi ne Afirka ta sami manyan makarantun tauhidi nata, ɗaya don masu Faransanci ɗaya don masu Turanci, da hukumar da za ta tantance ingancin makarantun. Hukumar ta kafu a 1976, makarantar Bangui ta buɗe a 1977, ta Nairobi a 1983. Ko ɗaya bai gani da idonsa ba. Har yau masana suna muhawara a kan waɗansu ra'ayoyinsa game da addinan gargajiya, kuma hakan ba laifi ba ne. Abin da ya shafi darasinmu shi ne irin aikin da ya zaɓa ya zuba ƙarfinsa a ciki, wato horar da waɗansu, aikin da tun asali an tsara shi ya yi tafiya ko mai shi ba ya nan.

Kafin zama na gaba, kowane ɗalibi ya karanta 2 Sarakuna 12 da 2 Tarihi 24 gefe da gefe, ya rubuta abin da Tarihi ya ƙara wanda Sarakuna bai kawo ba, musamman game da Zakariya da wurin da aka binne Yowash. Waɗanda suka riga suka riƙe ikkilisiya kuma su zo da sunayen ayyuka uku da suka tarar ko suka fara a wurin da suka baro, su faɗi wanda yake riƙe da kowannensu yanzu, da yadda aka shirya shi kafin a miƙa masa.